Rachel Carson, matar da ta ja da kamfanonin maganin ƙwari a Amurka

A watan Janairun 1958 wata wasiƙa ta iso hannun Rachel Carson daga ƙawarta Olga Owens Huckins, mazauniyar garin Duxbury a jihar Masacusets. Jirgin sama ya yi feshin maganin DDT don kashe sauro a yankinsu, bayan haka sai tsuntsaye suka yi ta faɗowa matattu a cikin lambunta. Abin da ta roƙa bai taka kara ya karya ba: a nemo mata wani a Washinton da zai iya sa baki. Carson ta fara bincike, kuma binciken nan ne ya cinye sauran shekarun rayuwarta.

An haife ta ranar 27 ga Mayun 1907 a Springdale, kusa da birnin Pittsburgh a jihar Fensilbaniya, a gonar iyayenta. Mahaifiyarta Maria ce ta koya mata sanin tsuntsaye da tsirrai, kuma tun tana ƙaramar yarinya mujallar yara ta St. Nicholas ta buga mata labari. Ta shiga kwaleji da niyyar karanta adabin Ingilishi, sai ta sauya zuwa ilimin halittu, ta gama a 1929. A 1932 ta samu digiri na biyu a jami'ar Johns Hopkins. Ta so ta kai ga digirin dakta, amma talauci ya hana. Mahaifinta ya rasu a 1935, yayarta ta bi shi a 1937 ta bar mata ƴaƴa mata biyu, nauyin gida duka ya dawo kanta.

Aikin da ya rufa mata asiri shi ne na hukumar kula da kamun kifi ta gwamnati, inda ta fara da rubuta shirye-shiryen rediyo a kan halittun ruwa. Littafinta na farko ya fito a ƙarshen 1941, ana dab da shigar Amurka yaƙin duniya na biyu, don haka bai yi kasuwa ba. Na biyun, The Sea Around Us, wanda ya fito a 1951, shi ya fito da sunanta: ya yi makonni 86 cikin jerin littattafan da suka fi ciniki na jaridar New York Times. A 1952 ta ajiye aikin gwamnati ta koma rubutu kaɗai. Ke nan lokacin da ta ɗauki batun maganin ƙwari, marubuciya ce da jama'a suka riga suka amince da ita, kuma wannan ya ƙara tayar wa kamfanoni hankali.

Sai a tuna yadda ake kallon DDT a wancan zamani. Wani masani ɗan ƙasar Suwis, Paul Müller, ya gano ƙarfinsa a kan ƙwari a 1939, aka ba shi lambar Nobel a 1948. A lokacin yaƙi an yi ta barbaɗa shi a jikin sojoji da fararen hula don kashe ƙwarƙwata, ya kuma ceci rayuka da yawa. Bayan yaƙi sai aka sake shi a kasuwa, jiragen sama suna watsa shi a kan gonaki da dazuzzuka har da unguwanni. Duk mai cewa akwai matsala ana ganinsa a matsayin maƙiyin ci gaba.

Carson ba ta yi wani sabon gwaji ba. Ta tattaro binciken da ke warwatse a hannun masana, ta rubuta shi yadda manomi da uwar gida za su gane. Babban bayaninta shi ne irin waɗannan magunguna ba sa ruɓewa da wuri, suna taruwa a cikin kitsen dabba, kuma duk abin da ya ci wani yana gadar gubar da ke jikinsa. A tafkin Clear Lake na Kalifoniya an zuba DDD, ɗan'uwan DDT, ɗan kaɗan cikin ruwa don kashe wasu ƙananan ƙudaje. Ƙananan halittun ruwa suka sha, kifi ya ci su, tsuntsaye suka ci kifin, daga bisani aka samu gubar a kitsen tsuntsayen ta ninka ta cikin ruwa sau dubbai. A harabar jami'ar jihar Mishigan kuwa, an fesa wa itatuwa magani, ganye ya zube, tana ta ci ganyen, tsuntsaye suka ci tanar suka mutu. Daga nan sunan littafin ya samo asali, Silent Spring, wato lokacin da tsuntsaye suka saba cika gari da kuka amma aka wayi gari tsit.

Ta rubuta shi cikin ciwo. A 1960 aka yi mata tiyatar sankarar mama, cutar kuma ta ci gaba da yaɗuwa. Ta ɓoye wa jama'a, don kada abokan hamayya su ce rashin lafiya ce ta sa ta ƙullaci sinadarai. Ga kuma Roger, ɗan ɗiyar yayarta, maraya da ta ɗauka riƙo a 1957 yana ɗan shekara biyar.

Mujallar New Yorker ta fara buga sassan littafin a Yunin 1962, ya fito gaba ɗaya ranar 27 ga Satumba. Kamfanin Velsicol ya yi barazanar kai mawallafan kotu. Monsanto ya buga wani rubutu na shaguɓe da ke nuna Amurka cikin yunwa da annoba idan babu maganin ƙwari. Wasu ma ba su tsaya kan hujja ba, suka koma cewa mace ce marar aure mai saurin firgita. Amma a Afrilun 1963 ta bayyana a talabijin na CBS tana magana a natse, kuma ranar 15 ga Mayu kwamitin masana kimiyya na shugaba Kennedy ya fitar da rahoton da ya gaskata akasarin abin da ta faɗa. A watan Yuni ta ba da bahasi gaban wani kwamitin majalisar dattawa.

Akwai zargin da har yau ake yawo da shi a intanet, wai ita ce sanadin mutuwar miliyoyin ƴan Afirka da zazzaɓin cizon sauro. A ganina zargin bai da tushe. Ba ta nemi a haramta maganin ƙwari baki ɗaya ba, ta nemi a daina watsa shi barkatai, ta kuma yi gargaɗin cewa yawan feshi na sa sauro ya saba da maganin. Wannan kuwa an gan shi a kusa da mu: tun tsakiyar shekarun 1950 masu yaƙi da sauro a yammacin lardin Sakkwato, wajejen Birnin Kebbi, suka tarar maganin dieldrin ya daina kashe shi. Haramcin da Amurka ta yi wa DDT a 1972 ya shafi amfani da shi ne a cikin ƙasarta, kuma yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta bar ƙofar fesa shi a cikin ɗakuna don yaƙi da sauro. Shi kuwa dieldrin, wanda aka daɗe ana fesa wa fara a Sahel, yana cikin waɗanda yarjejeniyar ta hana. Mai noman rani da ke sayen magani a kwalba marar takarda a kasuwar Maraɗi, ko mai zuba wa wake fiya-fiya kafin ya ɗure shi a buhu, tambayar da Carson ta yi ce ke gabansa: ina gubar take zuwa bayan ta kashe ƙwaron?

Carson ba ta ga haramcin ba, ba ta kuma ga kafa hukumar kare muhalli ta Amurka a 1970 ba. Ta rasu ranar 14 ga Afrilun 1964 a gidanta da ke Silver Spring, jihar Meriland, tana da shekara 56. A 1980 shugaba Jimmy Carter ya ba ta lambar yabo mafi girma da ake ba farar hula a ƙasar, shekara 16 bayan rasuwarta.