Edgar F. Codd: Mutumin da Ya Ƙera wa Bayanai Mabuɗi

A wannan fitowa ina so in kawo tarihin wani masani da muke cin moriyar aikinsa kullum, amma kaɗan ne cikinmu suka san sunansa, wato Edgar Frank Codd.

An haife shi ranar 19 ga Agusta, 1923 a tsibirin Portland da ke kudancin Ingila. Ya karanci lissafi da ilimin sinadarai a Jami'ar Oksfod, ya kuma tuƙa jirgin saman soja a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1948 ya ƙaura zuwa Amurka, inda ya kama aiki da kamfanin IBM.

A wancan zamani, mai neman bayani a kwamfuta sai ya san hanyar da aka bi aka ajiye shi. A 1970 Codd ya wallafa wata maƙala da ta ce a jera bayanai cikin jadawali, kowane layi da mabuɗinsa, wato abin da ya bambanta shi da sauran. Wani lokaci gurbi ɗaya ba ya isa. A jadawalin sakamakon jarrabawa, lambar ɗalibi tana maimaituwa, haka ma lambar kwas. Sai an haɗa su da shekarar karatu ake samun mabuɗi guda. In mabuɗin ya gaza, makin wani ya faɗa wa wani.

A 1979 ya ƙara da shawarar kwamfuta ta riƙa ba kowane abu alamarsa da kanta. Lambar nan mai ƙara kanta, 1, 2, 3, da ake amfani da ita yau, danginta ce. Takan shiga haɗaɗɗen mabuɗi, kamar lambar rasit haɗe da lambar layi mai sake farawa daga 1 a kowane rasit, ko da yake ba kowace manhaja ke yin wannan da kanta ba.

IBM ya yi jinkirin karɓar tunaninsa, har manhajar Oracle ta riga shi shiga kasuwa a 1979. Duk da haka, Codd ya samu lambar yabo ta Turing a 1981. Ya rasu ranar 18 ga Afrilu, 2003 a Filorida yana da shekara 79.

A ganina, mu ɗaliban harshe mun fi kowa gane hikimarsa. Musa biyu a aji ɗaya, ai sai an haɗa da sunan uba.