Dorugu, Bahaushen Da Ya Ga Biranen Turai A 1855

Cikin malaman da suka koya wa ma'aikatan En'e na farko karatun boko a makarantar Nasarawa ta Kano akwai wani tsoho, sunansa Dorugu. Ba ɗan sarauta ba ne, bai kuwa taɓa riƙon gari ba. Amma shekara hamsin da ɗoriya kafin a buɗe makarantar nan ya rigaya ya taka Faris, da Landan, da Hambog, da Balin, ya dubi zaman mutanensu da idonsa, ya kuma ba da labarin abin da ya gani da Hausa. Ga yadda rayuwarsa ta kasance.

Asalinsa Da Bautarsa

An haifi Dorugu wajen 1840 a wani ƙauye da a ke kira Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Ubansa manomi ne, makaɗi kuma, yaron ya tashi yana bin sa gona da wurin kiɗa. Zamanin nan kuwa talakan ƙauye ba shi da tabbacin inda zai kwana gobe, gama hari bai ɗauke ba. Yana ɗan yaro mahara suka faɗa wa garinsu, aka kama shi, aka raba shi da iyayensa, aka kai shi Damagaram. Daga hannu zuwa hannu har ya faɗa wa wani Balarabe, wanda ya tafi da shi Kukawa, birnin Shehun Barno.

A Kukawa ya tarad da waɗansu Turawa biyu, Jamusawa, waɗanda Gwamnatin Ingila ta aiko su binciki ƙasashen Sudan. Sun taso daga Tarabulus a 1850 su uku, amma shugabansu, James Richardson, ya mutu a hanya a 1851. Ɗaya shi ne Adolf Overweg, wanda mutane ke kira Tabib, ɗayan kuwa Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim. Tabib ya ɗauki Dorugu aikin kiwon raƙuma, da ya ga hankalinsa sai ya fanshe shi, ya 'yanta shi. Haka ya yi wa wani yaro Bamargi mai suna Abbega. A watan Satumba 1852 zazzaɓi ya kashe Tabib a bakin Tafkin Cadi, sai yaran nan biyu suka koma hannun Abdulkarim.

A ƙarshen shekarar nan suka tashi yamma. Suka bi ta Damagaram, da Katsina, da Wurno, inda Sarkin Musulmi Aliyu Babba ke zaune a lokacin, da Sakkwato, da Gwandu, suka haye Kwara a Sayi, suka shiga Tumbutu ran 7 ga Satumba 1853. Suka yi watanni can ƙarƙashin amanar Shehu Ahmadul Bakka'i, kana suka juyo ta Kano zuwa Kukawa. A watan Mayu 1855 suka kama hanyar hamada ta Bilma da Murzuk, suka sauka Tarabulus a ƙarshen Agusta. Watau tun Dorugu bai wuce shekara goma sha shida ba ya ga Barno, da ƙasar Hausa, da Tumbutu, da Sahara. Wannan ne ya sa da ya isa Turai yana da ma'aunin da zai gwada abubuwa da shi.

Daga Tarabulus Zuwa Landan

A Tarabulus ya fara ganin bahar, ruwan da ido ba ya kai ƙarshensa. Suka shiga jirgin ruwa mai hayaƙi zuwa tsibirin Malta, wanda ke hannun Ingilishi a zamanin, daga nan suka wuce Marsai, babbar tashar jiragen Faransa a bakin Bahar Rum. Lokacin ana tsakiyar yaƙin Kirimiya, Ingila da Faransa da Turkawa sun haɗa kai suna yaƙi da Rasha, ta tashoshin nan biyu kuwa a ke ɗibar soja da kayan yaƙi ana kai wa fagen fama.

A Faransa suka hau jirgin ƙasa. Sai mai karatu ya tuna, yaron nan ya kwashe fiye da wata uku bisa hanyar Kukawa zuwa Tarabulus, da tafiyar raƙumi, zango zango, ana lissafin ruwan salka. Ga shi yanzu zaune bisa kujera, ƙarfe na jan ƙarfe, ana ratsa ƙasa guda cikin 'yan kwanaki. Jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911, watau Dorugu ya riga mutanen Kano hawansa da shekara hamsin da shida.

Suka bi ta Faris, birnin Sarki Nafoliyon na Uku, inda a shekarar nan a ke babban baje kolin kayan sana'a na ƙasashen duniya. Ba su daɗe ba, domin Abdulkarim yana gaggawar kai rahoto ga waɗanda suka aike shi. Suka haye mashigin ruwan da ya raba Faransa da Ingila, suka shiga Landan ran 6 ga Satumba 1855.

Abdulkarim ya ƙiyasta mazaunan birnin Kano a zamanin nan kamar dubu 30, su kan kai dubu 60 in fatake sun cika gari da rani. Landan kuwa mutanenta sun fi miliyan 2. Gidaje bene bisa bene, hayaƙin kwal ya rufe sama, kekunan doki na kaiwa da komowa, da dare kuma a kunna fitilun gas a bakin titi. Wani yaron da sai ya ruɗe, ya rasa ta cewa. Dorugu ya yi shiru, ya zuba ido, ya riƙa ajiye kome a ransa.

Hambog Da Balin

A farkon Oktoba Abdulkarim ya tafi da su Jamus, zuwa Hambog, garin haihuwarsa. Birni ne na fatauci a bakin kogin Elbe, gobara ta ci babban yanki nasa a 1842, aka sake gina shi. A nan Dorugu ya ga maigidansa cikin danginsa. Mutumin da ya saba gani gaban sarakuna da rawani da alkyabba, ga shi ya zama ɗa a gaban tsohonsa, 'yan'uwa na murna da komowarsa bayan an daɗe da yaɗa labarin mutuwarsa. Shi kuwa mai kallon, babu wanda ke jiransa a ƙofar gida, gama hari ya watsa nasa gidan tuntuni.

Daga Hambog suka tafi Balin, babban birnin Furusiya, inda masana da manyan ƙasa suka karɓi Abdulkarim da girmamawa, suka kuma je Gota, garin da aka buga littafin tafiyarsa da Jamusanci. Littafin nan juzu'i biyar ne, ya fito a 1857 da 1858, a ciki kuwa akwai surar Dorugu da Abbega. Duk inda yaran nan suka bi jama'a na taruwa kallonsu, domin da yawa ba su taɓa ganin baƙar fata ba. Sai dai masu kallon ba su san su ma kallonsu a ke yi ba. Abin da Dorugu ya fi lura da shi ga Jamusawa shi ne son taba, har ya yi mamakin ganin yara ƙanana da lofe a baki. A ƙasashen nan ya ci hunturunsa na farko na Turai, mai dusar ƙanƙara da gajeren yini, wanda sanyin Damagaram ba ya kama ƙafarsa.

Zamansa A Ingila

Da suka komo Ingila, Abdulkarim ya shirya a mai da yaran gida ta Tarabulus, don ya ɗauki amanarsu a kan zai komo da su. Sai wani malamin Mishan, James Frederick Schön, ya shiga tsakani. Shi ma Bajamushe ne, ya bi jirgin da Ingilishi suka aiko Kwara a 1841, ya koyi Hausa daga bakin 'yantattun bayi a Saliyo, har ya buga ɗan littafin kalmomi a 1843, amma bai taɓa sa ƙafa a ƙasar Hausa ba. Da ya ji ga Bahaushe a Ingila, ya roƙa a bar masa su. A farkon 1856 yaran suka koma gidansa a Catam, cikin lardin Kent. Abdulkarim ya ji zafin wannan al'amari ƙwarai, suka ɓata da Schön a kansa.

A gidan nan aka koya wa yaran karatu da rubutu da Turanci, aka yi musu baftisma, aka sa wa Dorugu suna James Henry. Abbega ya komo Afirka a 1857, daga baya har ya zama Sarkin Lokoja a 1896. Dorugu kuwa ya zauna wajen shekara takwas.

Aikinsu kullum shi ne, Dorugu na faɗi, Schön na rubutawa. Ya ba shi tatsuniyoyi, da karin magana, da sunayen abubuwa, da labarin rayuwarsa tun daga Dambanas. In tambaya ta yi yawa ya kan ce ya gaji zai kwanta, malamin kuwa har wannan ya rubuta. Da taimakonsa Schön ya buga nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885, wanda a cikinsa labarin Dorugu ya ke. Saboda aikin nan Faransawa suka ba Schön lambar girma a 1877, Jami'ar Okisfod kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1884. Sunan malamin ne bisa bangon littattafan, amma Hausar da ke ciki yawancinta daga bakin yaron Damagaram ta fito.

Wurin da ya fi armashi cikin labarinsa shi ne inda ya siffanta cin abincin manyan Ingilishi. Ya bi abin daki daki, yadda baƙi ke taruwa, kowane namiji ya riƙe hannun mace su shiga ɗakin cin abinci, a zauna a teburi, a ci da wuƙa da cokali mai yatsu, a kawo wannan a ɗauke a kawo wancan, in an ƙare mata su tashi su bar maza. Ya kuma yi maganar tufafin matan da yadda su ke tsuke ƙugu. Ga wanda ya tashi inda maza ke ci daban mata daban, a sa hannu cikin akushi ɗaya, duk wannan baƙon abu ne. Amma bai zage su ba, bai kuma raina tuwon gidansu ba. Yadda Abdulkarim ya rubuta al'adun Hausawa don Turawa su sani, haka Dorugu ya faɗi al'adun Turawa da harshen Hausa, abin da ya ba shi dariya ya nuna, abin da ya burge shi ya yaba.

Komowarsa Da Ƙarshensa

Ya komo Afirka ta Yamma a 1864, shekara guda kafin mutuwar Abdulkarim a Balin. Ya yi shekaru yana aikin tafinta ga Turawa matafiya da ma'aikata. Da Turawa suka ci ƙasar Arewa a 1903, aka bukaci malamai masu iya rubutun boko da lissafi, waɗanda za su riƙe littattafan haraji da na Baitulmali. Saboda haka a 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa, aka tara 'ya'yan sarakuna da malamai daga larduna. Neman Bahaushen da ya san haruffan nan ya yi wuya, sai ga Dorugu, tsoho mai kimanin shekara saba'in, wanda ya koye su a Catam tun yana saurayi. Aka ɗauke shi cikin masu koyarwa. Daga makarantar nan aka sami magatakarda, da ma'aji, da malaman makaranta na En'e da dama.

Ya mutu a Nasarawa a 1912. Matar Ɗan Hausa, Isabelle, ta ba da labari cikin littafinta cewa da aka buɗe kayansa an tarad da tabarau masu yawa, da gwangwanaye, da kuɗin da ya daɗe yana tarawa. A 1971 A. H. M. Kirk-Greene da Paul Newman suka juya labarinsa da Turanci, suka buga shi tare da na Maimaina, Sarkin Askira, wanda jikan Abbega ne. Ta haka abokan tafiyar nan biyu suka sake haɗuwa cikin littafi ɗaya.

Abin Koyi

A zamanin da, aikin malamin En'e, ko na haraji, ko na daji, ko na asibiti, rabinsa rangadi ne da rahoto. A aiki mutum ƙauye ya dubo, ya komo ya faɗi abin da ya tarar. In ya ƙara gishiri don a yabe shi, ko ya rage don tsoron wani babba, talaka ne zai biya, ko da kuɗinsa ko da haƙƙinsa. Dorugu ya shiga manyan biranen duniya ba shi da uba, ba shi da sarauta, ba shi da ko anini nasa na kansa, ga shi kuma a hannun mutanen da su ke ciyad da shi. Duk da haka girman Landan bai rufe masa ido ba, ya faɗi abin da ya gani yadda ya gan shi. Shi ya sa bayan fiye da shekara ɗari da sittin masana ke komawa ga maganarsa suna dogara da ita. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma ganin ba ya amfanar kowa sai mai ganin ya zama mai gaskiya.

Tamat.