Louis Pasteur: Ɗan majemin da ya gano abin da shekaru ke yi wa giyar inabi

Turawa suna da wani imani cewa jar giyar inabi mai tsada, in ta daɗe a ajiye, ƙara daɗi take yi. Mu Musulmi ba ruwanmu da shan ta, wannan a fili yake. Amma a matsayina na malamin kimiyya a nan Kanvili, ina koyar da sunan mutumin da ya auna wannan imani, domin binciken da ya yi a kan giya shi ya haifi hanyar da ake tsare madarar da 'ya'yanmu ke sha. Sunansa Louis Pasteur.

An haife shi ranar 27 ga Disamba 1822 a garin Dole na ƙasar Faransa. Mahaifinsa majemi ne, tsohon sojan Napoleon. Ya tashi a Arbois, garin da gonakin inabi suka kewaye. A 1843 ya shiga babbar makarantar horon malamai ta Paris, wato shi ma hanyar malanta ya biyo. Aikin da ya fara fito da shi a 1848 a kan wani sinadari ne da ke daskarewa a jikin gangar giya. A 1854 aka tura shi jami'ar Lille, inda ya gane cewa ƙananan halittu masu rai ne ke sa abu ya tashi ko ya yi tsami, irin abin da ke faruwa a ƙwaryar nono ko tukunyar fito.

A 1860 Faransa da Ingila suka ƙulla yarjejeniyar ciniki, ƙofar kasuwa ta buɗe wa giyar Faransa. Sai dai kaya na isa, a buɗe ganga a tarar ta yi tsami, ko ta yi yauƙi, ko ta yi ɗaci. Abin takaicin ma, ciwon ɗacin ya fi kama jar giya mai daraja ta yankin Burgundy, wadda aka ajiye shekaru ana sa rai da ita. A 1863 sarki Napoleon na Uku ya ɗora wa Pasteur aikin gano dalili, shi kuwa ya koma garinsu Arbois ya kafa ɗan wurin gwaji.

Gwajin da ya fi burge ni ba shi da wuya, ko a ajinmu za a iya kwatanta shi. Ya zuba sabuwar giya a bututun gilashi. Wasu ya cika su fal ya liƙe baki, wasu ya bar rabi da iska a ciki kafin ya liƙe. Wadda ba ta samu iska ba ta zauna kusan yadda take. Mai iska kuwa cikin 'yan makonni launinta ya kwashe, wani abu ya kwanta a ƙasa, ta koma kamar tsohuwa. Ashe ba ƙidayar shekaru ke tsufar da giya ba, iskar oksijin ce ke aikinta a hankali.

Ga yadda abin yake. A ɓawon inabi da ƙwallonsa akwai wani sinadari mai bauri, dangin wanda ke cikin bagaruwar da majemanmu ke jima da ita. Shi ke sa sabuwar jar giya ta kama baki kamar ɗanyar kanya. In iska na shiga kaɗan-kaɗan ta jikin katakon ganga, wannan bauri sai ya yi laushi, launi ya tashi daga ja mai duhu ya koma kamar na jan bulo, ƙamshin 'ya'yan itace ya ja baya, wani ya maye gurbinsa. In iskar ta yi yawa, shi ke nan, giya ta mutu. In kuma ƙwayoyin halitta suka samu hanya, sai su mayar da ita ruwan khal. Don haka kwalba biyu daga ganga ɗaya na iya shekara 30 a ɗaki ɗaya, a buɗe a samu ɗaya lafiya, ɗaya ta lalace. Mafi yawan giyar da ake yi ma ba don dogon ajiya aka yi ta ba.

Maganin da ya kawo shi ne a ɗumama giyar zuwa digiri 50 ko 60 na ɗan lokaci, zafin da zai kashe ƙwayoyin ba tare da ya dafa ta ba. Ya karɓi takardar mallakar wannan fasaha a 1865, ya fitar da littafinsa kan giya a 1866. An yi masa gardama, don kafin shi Nicolas Appert ya riga ya yi amfani da zafi wajen adana abinci. Masu giya mai tsada kuma ba su rungumi hanyar ba, suna tsoron wuta za ta taɓa ɗanɗano. Madara ce ta ci gajiyar abin daga baya, kuma har yau sunansa ake kiran hanyar da shi.

Duk wannan aiki fa cikin baƙin ciki ya yi shi. Cikin 'ya'ya biyar da suka haifa da matarsa Marie Laurent, uku sun rasu suna ƙanana, biyu daga ciki zazzaɓin taifod ne ya ɗauke su. A 1868, yana da shekara 45, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Bai ajiye aiki ba. A 1881 ya nuna wa jama'a rigakafin ciwon saifa na dabbobi. Ranar 6 ga Yuli 1885 aka fara yi wa Joseph Meister, yaro ɗan shekara tara da mahaukacin kare ya ciza, allurar da ya haɗa, yaron kuwa ya rayu. An buɗe cibiyar bincike mai sunansa a Paris a 1888, kuma wadda ke Dakar na yin allurar rigakafin shawara har yanzu. Ya rasu ranar 28 ga Satumba 1895.

Shi ma ba waliyyi ba ne. Da masanin tarihi Gerald Geison ya bi littattafan aikinsa na sirri, ya nuna a 1995 cewa allurar gwajin 1881 ba ta hanyar da Pasteur ya bar mutane suka zata aka haɗa ta ba. Ina gaya wa ɗalibaina wannan ma, don su san babban masani ana iya bincikarsa.

To, ko Turawa sun daina sa rai da tsohuwar kwalba? Ina! A 1985 aka yi gwanjon kwalba guda ta Château Lafite ta 1787 a Landan kan fam 105,000, ana cewa ta Thomas Jefferson ce, tsohon shugaban Amurka. Aka kai ta New York aka ajiye ƙarƙashin fitila don 'yan kallo, zafi ya busar da toshiyar, ta faɗa ciki, iska ta shiga. Daga baya ma masu bincike suka kawo hujjar cewa rubutun da ke jikin irin waɗannan kwalabe na jabu ne. Abin da ɗan majemin Arbois ya nuna shekara 120 kafin nan, da bututun gilashi kawai, shi ya faru da kwalbar.