Nate Saint: Matuƙin Jirgin da Bai Yi Wasa da Ransa Ba, Amma Ya Bayar da Shi

Karatu: Nehemiya 4:7-9, Matiyu 4:5-7

Yau ina so mu duba rayuwar wani bawan Allah mai suna Nate Saint, matuƙin ƙaramin jirgin sama wanda ya yi hidima a ƙasar Ikwado ta Amurka ta Kudu. Mutane da yawa sun ji labarin mutuwarsa, amma kaɗan ne suka san irin kulawar da ya yi da jirginsa da rayukan waɗanda yake ɗauka. A nan darasinmu yake.

An haifi Nate a ranar 30 ga Agusta 1923 a jihar Pensilbaniya ta Amurka, cikin gidan masu bi mai 'ya'ya takwas. Yana ɗan shekara bakwai wansa Sam ya ɗauke shi a jirgin sama, tun daga ranar kuwa zuciyarsa ta kwanta ga tuƙin jirgi. Yana da shekara 14 ya yi ciwon ƙashi a ƙafa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga soja da begen zama matuƙi, amma ana gab da fara koya masa tuƙi sai tsohon ciwon nan ya tashi, aka cire sunansa. Ya ci gaba da aikin gyaran jirage. Ka lura, ɗan'uwa, ƙofar da aka rufe masa ita ce ta sa ya san cikin inji kamar tafin hannunsa, ilimin da ya ceci rayuka daga baya.

A 1946 ƙungiyar Mission Aviation Fellowship, wadda aka fi sani da MAF, ta aike shi ƙasar Meziko ya gyara jirginta da ya yi haɗari. Ya yi watanni yana harhaɗa fiffiken da ya karye har jirgin ya sake tashi. A watan Fabrairu 1948 ya auri Marjorie Farris, ma'aikaciyar jinya, a shekarar nan kuma suka tafi Ikwado. Suka zauna a Shell Mera, wani sansani a bakin kurmi wanda kamfanin mai ya tashi ya bari. Aikinsa shi ne kai wa masu bishara abinci da magani da wasiƙu, da ɗauko marasa lafiya. Tafiyar kwanaki da ƙafa cikin laka ta koma ta 'yan mintoci.

Amma tashi a kan kurmi ba wasa ba ne. Jirginsa inji ɗaya gare shi. Idan injin ya mutu, babu hanya, babu gona, babu fili, sai itatuwa iyakar ganin ido. A ƙarshen Disamba 1948 yana tashi daga Kito, babban birnin ƙasar wanda yake kan tsauni mai tsawon kusan mita 2,850, iska ta danno jirgin ƙasa ya faɗi. Nate ya karye a baya, ya yi watanni cikin filasta. 'Yarsa ta fari ma an haife ta yana jinya.

Da ya warke bai ce ai Allah ya tsare ni sau ɗaya, zai ci gaba da tsare ni ko yaya na yi ba. Ya zauna ya yi tunanin abin da ya fi kashe inji a sama, ya ga sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, hanyar mai ce take toshewa da datti ko ruwa. Wata rana ya ga wata tsohuwar babbar mota tana hawan tudu, yaron mota yana zaune a kan rufi riƙe da galan, mai yana gangarowa ta tiyo kai tsaye zuwa inji. Wataƙila kai ma ka taɓa ganin irin wannan dabara a hanya. Nate ya koma gida ya ɗauki gwangwanin man girki na matarsa ya ƙera ƙaramin tanki, ya ɗaura shi a jikin sandar fiffike, ya ja masa nasa bututu dabam zuwa inji, da famfo wanda zai iya buɗewa daga kujerarsa. Dukan kayan bai kai kilo 2 ba. Sa'an nan ya tashi sama daidai kan filin sauka, ya rufe babbar hanyar mai da gangan har injin ya yi shiru, ya buɗe sabon famfon, injin ya sake kamawa. Daga baya hukuma ta amince da wannan dabara, aka sa ta a jiragen MAF.

Bai tsaya nan ba. Duk lokacin da yake sama, Marjorie tana zaune gaban rediyo tana rubuta inda yake da yanayin sararin sama, domin idan an daina jin muryarsa a san inda za a fara nema. Ya kuma gano cewa idan ya saki doguwar igiya da bokiti a ƙarshenta, yana kewayawa a wuri ɗaya, bokitin zai tsaya kusan cik a ƙasa, mutum ya ɗauki abin da ke ciki ya sa wani. Ta haka ya riƙa kai saƙo inda babu filin sauka.

Yanzu ka ji inda wannan mutum mai taka tsantsan ya nufa. A cikin kurmin akwai wata kabila mai suna Waorani. Maƙwabtansu suna kiransu Auka, kalmar raini ce mai nufin mutanen daji. Sun sha wahala a hannun baƙi masu neman roba, ramuwar gayya kuma ta cinye su a tsakaninsu, saboda haka duk baƙon da ya taka ƙasarsu da mashi suke tarbarsa. Sun kashe ma'aikatan kamfanin mai a shekarun 1940. Kowane matuƙi ya san in injinsa ya mutu a can, ko ya tsira daga faɗuwa ba lalle ya fita da rai ba.

A watan Satumba 1955 Nate ya hango gidajensu daga sama. Shi da abokansa huɗu, Jim Elliot, Ed McCully, Pete Fleming da Roger Youderian, suka ƙudura kai musu bishara. Daga Oktoba suka yi makonni 13 suna saukar da kyautai ta bokiti, kamar adduna da tukwane da tufafi. Waorani suka fara mayar da nasu, har da aku mai rai. A ranar 3 ga Janairu 1956 Nate ya sauka a kan wani ɗan rairayi a bakin Kogin Kurarai, ya yi sawu sawu yana kawo mutane da kaya. Ranar 6 ga wata Waorani uku suka zo cikin salama, har ya ɗauki namijin a jirgi ya kewaya da shi. Ranar Lahadi 8 ga wata da tsakar rana ya gaya wa Marjorie ta rediyo cewa ya hango mutane suna zuwa, zai sake kira da ƙarfe 4:30. Lokacin ya yi, rediyo shiru. An kashe su duka biyar da masu. Suna da bindigogi, amma tun da farko sun yi shawara ba za su kashe kowa don su ceci kansu ba. Nate yana da shekara 32.

Bayan shekaru waɗanda suka yi kisan da bakinsu suka bayyana cewa mutumin nan da aka ɗauka a jirgi ne ya koma gida ya yi ƙarya cewa baƙin sun kai musu hari, domin ya rufe wani laifinsa. Nate ya iya yi wa bututun mai hanya ta biyu, amma babu na'urar da take nuna abin da ke cikin zuciyar mutum.

Labarin bai ƙare a bakin kogi ba. A 1958 yayarsa Rachel Saint da Elisabeth, matar Jim Elliot, suka shiga suka zauna tare da Waorani, bisa gayyatar da ta zo ta hannun Dayuma, wata 'yar kabilar da ta ba da gaskiya. Wasu daga cikin masu kisan suka tuba. A 1965 biyu daga cikinsu suka yi wa Steve, ɗan Nate, baftisma a kogin nan. A 1992 aka miƙa musu Sabon Alkawari cikin harshensu, a 1994 kuma aka tono ragowar jirgin daga cikin rairayi.

Ɗan'uwa, akwai bambanci tsakanin zubar da rai da bayar da rai. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Ubangiji Yesu ya ƙi ya yi tsalle daga kan Haikali domin ya gwada Allah, amma da lokacinsa ya yi ya tafi gicciye da yardar ransa. Nate bai yarda ɗigon datti a cikin mai ya ɗauki ransa ba, domin ya san ran nan na Ubangiji ne.

To, kai fa? Idan kai direba ne, kada ka ɗauki fasinja da birki marar kyau kana cewa Allah zai kiyaye. Idan ɗanka yana zazzaɓi, yi addu'a, ka kuma kai shi asibiti. Sakaci ba bangaskiya ba ne. Amma idan Ubangiji ya kira ka ka gafarta wa maƙiyi, ko ka kai Maganarsa inda ake jin tsoron zuwa, kada ka mai da hankali ya zama mafakar tsoro.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ka ba mu hikimar kula da abin da ka danƙa a hannunmu, ka kuma ba mu ƙarfin halin miƙa maka shi sa'ad da ka nema. A cikin sunan Yesu, Amin.