Ladi Kwali, Maginiyar Tukwane

Ku ɗauki takardar naira ashirin ku juya bayanta, za ku ga hoton wata mace tana ginin tukunya. Sunanta Ladi Kwali.

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a Kwali, wani gari a ƙasar Gwari. Ba ta shiga makaranta ba. Tun tana ƙarama ta koyi ginin tukwane wurin wata 'yar'uwar iyayenta. A ƙasarsu mata ke wannan sana'a. Sukan murza yumɓu kamar igiya, su yi ta ɗora shi suna zagayawa, suna shafewa, har randa ta tashi.

Abin da ya bambanta Ladi da sauran magina shi ne zane. Kafin randa ta bushe, sai ta zana mata kunama, da ƙadangare, da kada, da hawainiya, da kifi. Ba ta zana su yadda ido ke ganinsu sosai, sai ta miƙe wannan, ta lanƙwasa wancan, har su zama kamar dabbobin tatsuniya ko na mafarki. Saboda kyansu Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara waɗansu a gidansa. Abujar nan ita ce a ke kira Suleja yanzu.

A nan ne wani Bature magini, mai suna Michael Cardew, ya gan su a 1950, ya yi mamaki ƙwarai. Ba da daɗewa ba ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a Abuja. A 1954 Ladi ta shiga, ita kaɗai mace cikin maza. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, da shafa wa tukunya ruwan da ke sa ta sheƙi kamar tangaran, da gashi a tanderu mai tsananin zafi.

To, a nan fa hankalinta ya bayyana. Wani in ya koyi sabon abu, sai ya raina na gidansu. Ladi kuwa ba ta yar da na iyayenta ba. Ta ci gaba da gina manyan randuna da hannu, da zanenta na Gwari, sa'an nan a gasa su ta sabuwar hanya. Randunan suka yi nauyi, ba su kuma sanyaya ruwa, gama ba su tsatsa. Sai suka zama kayan ado masu tsada.

Aka nuna aikinta a Landan a 1958. Ita kanta ta je Ingila a 1962, da Amurka a 1972, tana gini a gaban jama'a. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na Dokta. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984. Waɗansu mata sun bi sawunta zuwa makarantar nan, wadda daga baya aka sa mata sunanta.

Yara, in kun ga maginiya ta kasa tuluna a kasuwar Karaye ko Rogo, kada ku raina ta. Da irin wannan yumɓun Ladi ta yi suna a duniya.