Waldemar Hafkin, masanin da ya fara gwada allurarsa a jikinsa

An haifi Waldemar Hafkin a shekara ta 1860 a birnin Odesa, wanda a zamanin nan yake ƙarƙashin sarkin Rasha, yau kuwa yana cikin ƙasar Ukren. Bayahude ne. Ya yi karatun ilmin halittu a jami'ar garinsu wurin babban malami Mecnikof. Da ya gama, sai aka hana shi kujerar malanta in ba ya bar addininsa ba. Ya ƙi. A 1888 ya fita daga ƙasar, shekara guda bayan haka ya isa Paris, inda aikin da ya samu a cibiyar Pasteur bai wuce na mataimakin mai tsaron littattafai ba.

Nan ne, bayan ya tashi daga aiki, yake binciken ƙwayar kwalara, wato ciwon zawo da amai mai kashe mutum cikin yini ɗaya. Ya yi ta raunana ƙwayar har ta zama abin yin rigakafi. Ran 18 ga watan Yuli 1892 ya tsira wa kansa allurar, ya yi zazzaɓi, ya warke. A 1893 ya tafi Indiya, inda ciwon ya yi gida. Mutane suka yi ta gudunsa da fari, sai ya riƙa yi wa kansa allurar a gabansu, yana bin unguwannin talakawa na Kalkata da sassafe kafin su fita aiki. Cikin shekara biyu an yi wa mutum wajen 42,000.

A 1896 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta faɗa wa birnin Bombai, wanda yanzu ake kira Mumbai. Gwamnati ta ba shi ɗan ƙaramin ɗaki a makarantar likitoci. Cikin wata uku ya haɗa sabuwar allura, ya kuma fara da jikinsa ran 10 ga Janairu 1897. Aka gwada ta a gidan kaso na Baikula: cikin fursuna 147 da suka yarda aka yi musu, babu wanda ya mutu, cikin 172 da ba a yi wa ba, shida suka mutu. Aga Khan, shugaban Musulmi Isma'iliyawa, ya ba shi gida ya yi aiki, ya kuma sa dubban mabiyansa suka karɓi allurar.

Masifa ta zo a 1902. A ƙauyen Mulkowal na ƙasar Panjab, mutum 19 suka mutu da tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki, dukansu daga kwalba ɗaya aka yi musu allura. Kwamitin bincike ya ɗora wa Hafkin laifi, wai ya sake hanyar tsabtace maganin. Aka tuɓe shi. Alhali kuwa cikin shaidar da kwamitin ya ji akwai wadda ta nuna cewa wani ma'aikaci ya yar da hantsakin buɗe kwalbar a ƙasa, ya ɗauka ya ci gaba da aiki. Ba a yi wa wannan magana nauyin da ya kamata ba, don kuwa mutumin baƙo ne, ba Ingilishi ba, ba shi kuma da takardar likita, ga manyan likitocin gwamnati da suka daɗe suna jin haushinsa.

Shekara biyar yana ɗauke da wannan tabo. Sai a 1907, bayan Ronald Ross, wanda ya gano yadda sauro ke kawo zazzaɓi, ya tashi tare da waɗansu masana suka rubuta a jarida suna neman a yi gaskiya, aka wanke shi. Ya koma Kalkata, amma ba a sāke barinsa ya yi gwaji ga mutane ba.

Ya ajiye aiki a 1914, ya koma Turai. Bai yi aure ba. Dukiyarsa ya sa ta cikin taimakon makarantun addinin Yahudawa na gabashin Turai. A 1925 aka sa wa cibiyar Bombai sunansa. Ya rasu a Lozan, ƙasar Suwis, ran 26 ga Oktoba 1930.