Malam Muhammadu al-Katsinawi: Masanin Hisabi da Hatimi

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a zauren malaman allo, ko a Gwaram, ko Birnin Kudu, ko wani gari na ƙasar Hausa, ya san hatimin nan mai gida tara, wanda duk layin da aka tara lambobinsa sai ya ba da 15. Galibin mutane ba su ɗauke shi da wata ma'ana ba sai ta laya da rubutun sha. Amma a bayansa akwai ilmin lissafi mai zurfi, kuma ƙasar nan ta taɓa fitar da gwani a wannan fanni, wato Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi.

Karatunsa da Tafiyarsa

Malam Muhammadu Bafillace ne daga ƙasar Katsina, ya kuwa yi zamaninsa ne a farkon ƙarni na 18, tun kafin jihadin 1804. Daga cikin malamansa akwai Shehu Muhammadu Alwali na Bagarmi da Malam Muhammadu Bindu, wanda a wajensa ya sha ilmin hisabi da na wafaƙi. Bayan ya ƙoshi da karatu sai ya kama hanyar gabas, ya sauke farali, sa'an nan ya zarce Alƙahira.

A Masar ya sami masauki a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, babban malami mai sha'awar ilmin taurari, wanda shi ma ya ɗauki karatu a wurin baƙon nasa. A gidan nan Allah ya yi masa rasuwa a shekarar 1154 ta Hijira, wajen 1741, bayan ya danƙa wasiyyar littattafansa a hannun mai masaukinsa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne mashahurin marubucin tarihin Masar, kuma ta littafinsa Aja'ibul Asar ne yawancin labarin malamin ya iso ga na baya.

Ayyukansa

Ya yi rubutu a kan nahawu da manɗiƙi, amma littattafai biyu ne suka fi fito da sunansa. Akwai Durrul Manzum a kan taurari da ɗalasimai, akwai kuma Bahjatul Afaƙ, wanda ya kammala a 1732, a kan haruffa da hatimai. Ba shi ya ƙago hatimi ba, domin mutanen Sin da Larabawa sun riga shi da ƙarnoni. Aikinsa shi ne tattara hanyoyin cika hatimi da bayyana su filla-filla, musamman hatimin da gidajen layinsa suke mara, kamar 3 da 5 da 7.

Ga misalin irin ƙa'idar da ake bi a wannan fanni. A sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin na tsakiya. Kowace lamba mai biyowa a sa ta a gidan da ke ƙasa ta dama, a karkace. In an fita daga hatimin, sai a shigo ta ɗaya gefen. In an iske gidan a cike, sai a koma lambar da aka rubuta ƙarshe, a sauka gida biyu a miƙe. Wanda ya bi wannan zai sami 4, 9, 2 a sama, da 3, 5, 7 a tsakiya, da 8, 1, 6 a ƙasa. Ƙa'idar ba ta sauyawa ko hatimin ya ƙara girma, sai dai jimlar ta zama 65 a mai gida 25, ko 175 a mai gida 49.

Dangantakarsa da Ilmin Kwamfuta

Jerin umarni irin wannan, mai mafari da sharaɗi da maimaici da ƙarshe, shi masu rubuta manhaja ke kira algoridim, kalmar da ta samo asali daga sunan al-Khawarizmi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9. Kwamfuta ba ta da basira, umarni kawai take bi, saboda haka dole a tanadi abin da za ta yi a kowane hali, kamar yadda ƙa'idar hatimi ta tanadi mafita ga wanda ya fita iyaka ko ya iske gida a cike. Shi ya sa cika hatimi ke cikin darussan da ake gwada masu koyon rubuta manhaja da su.

Kammalawa

Malam Hassan Gwarzo ya yi nazarin aikin malamin a 1967, Claudia Zaslavsky kuma ta sanar da shi ga Turawa cikin littafinta Africa Counts a 1973. Amma a gida, ƙyamar tsibbu ta sa ɗalibai da yawa sun guji hatimi, sun haɗa da lissafin da ke cikinsa. Masu iya ajami da Larabci ba su cika kusantar kwamfuta ba, masu kwamfuta kuwa ba su leƙa tsofaffin takardu. Matuƙar ɓangarorin nan biyu ba su haɗu ba, gara da ɗanshi ne za su gaje abin da malamai irinsa suka bari. Allah ya jiƙan Malam Muhammadu, ya sa Aljanna ce makomarsa.